Daga aji ɗaya zuwa zauren WAEC: inda ɗalibai masu nakasa ke zubewa a hanya

A 2024 ɗalibai kusan miliyan 2 ne suka yi rajistar jarrabawar JAMB a Najeriya. Makafin da ke cikinsu ba su kai dubu ɗaya ba, 'yan ɗaruruwa ne, kuma kusan haka lissafin yake tafiya kowace shekara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ko ya fito daga masallacin Juma'a ya dubi layin da ke bakin ƙofa, ya san matasan makafin ƙasar nan sun fi wannan adadi nesa ba kusa ba. To sauran ina suka maƙale?

Kafin a amsa, yabon gwani ya zama dole. Tun 2017 hukumar JAMB, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa wani kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta domin makafi da sauran masu buƙata ta musamman. Ana tara su a wasu cibiyoyi, ciki har da Jami'ar Bayero a Kano, a ba su masauki da abinci su da 'yan rakiyarsu, a karanta musu tambayoyi su amsa ta hanyar da suka iya. Hukumar WAEC ma tana buga takardun tambaya da rubutun makafi, tana kuma ƙara lokaci ga wanda aka yi wa rajista a matsayin mai buƙata ta musamman. An yi ƙoƙari. Sai dai duk wannan hidima ta yini ɗaya ce, in ta yi tsawo 'yan makonni. Kafin yaro ya kai ga waccan kujera akwai shekara shida ta sakandare a gabansa, zango goma sha takwas, kuma a cikinsu ake yin tankaɗe da rairayar da babu mai rubuta sakamakonta. Mun gyara ƙofar ƙarshe, mun bar hanyar da ke kai mutum gare ta yadda take.

Alƙaluman duniya sun nuna girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Asusun UNICEF ya ce a 2021 yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa, kuma yiwuwar a iske yaro bai taɓa taka makaranta ba ta fi yawa da kashi 49 cikin 100 idan yana da nakasa. A gida kuwa, ƙidayar 2006 ta samo mutum miliyan 3 da 'yan kai, alhali Bankin Duniya ya ƙiyasta kimanin miliyan 29 a 2018. Wannan tazara ba ta shekara goma sha biyu ba ce kawai, ta irin tambayar da aka yi ce. Idan malamin ƙidaya ya tsaya a zaure ya ce, "Akwai nakasasshe a gidan nan?" maigida zai tuno da gurgu ko makaho, in ma ya ga damar faɗa. Ba zai ambaci yarinyar da sai an ɗaga murya take ji ba, ko yaron da ke manna littafi a hancinsa kafin ya karanta.

Me ya sa sakandare ce wurin zubewa? Saboda firamare, duk da rauninta, tana da rangwame da yawa da ba a lura da su. Tana cikin unguwa ko ƙauye, tafiyar 'yan mintoci. Gininta na ƙasa ne. Malami ɗaya ko biyu ne ke riƙe da aji, sun san yaron, sau da yawa sun san ubansa. Jikin yaron ma ƙarami ne, yayansa zai iya saɓa shi a kafaɗa. Ranar da ya shiga sakandare duk waɗannan suna kwancewa lokaci guda: makaranta ta yi nisa, malamai sun zama goma ko fiye kowa da minti arba'in ɗinsa, karatu ya koma kwafar darasi daga allo da sauri kafin a goge, Turanci ya zama shi ne komai, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga bene.

Na san wani yaro a wata makarantar jeka-ka-dawo da ba sai na ambaci sunanta ba. Shan inna ta cinye masa ƙafafu biyu tun yana goye, yana zuwa makaranta a keken guragu mai fedar hannu. Ƙaramar sakandare ta zo masa da sauƙi, azuzuwan suna ƙasa, kuma kansa na ja, musamman a lissafi. Da ya ci jarrabawar aji uku aka tura shi ajin kimiyya, sai ga ajin a saman bene. Abokansa biyu suka raba aiki, ɗaya ya goya shi, ɗaya ya ɗauki jaka, keken kuma a bar shi a gindin matakala. Ranar da mai goyon bai zo ba ko ya makara, sai yaron ya zauna a inuwar darbejiya yana jiyo muryar malami ta taga. Wannan ma da sauƙi a kan maganar banɗaki. Masai ne na rami, ƙasansa kullum a jiƙe, shi kuwa da hannu yake tafiya in ya sauka daga keke, silifas a tafukansa. Dabarar da ya samo ita ce ya daina shan ruwa tun asuba har a tashi. A sanyin Janairu ana iya jurewa. A zafin Afrilu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya kansa ya fara sarawa, sai ya nemi izini ya tafi gida. Kafin shekara ta ƙare wani malami, da zuciya ɗaya, ya ce masa, "Ka ga yarona, ka koma ajin adabi, yana ƙasa, ka huta da wannan wahala." Ya koma. Babu wanda ya kore shi daga kimiyya, babu takardar da za ta nuna an hana shi wani abu. Matakala ce ta zaɓa masa abin da zai karanta.

Irinsa suna da yawa a Arewa, kuma akwai dalilin tarihi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda jita-jitar da ta yaɗu a kansa, aka ɗauki watanni kafin a dawo da shi. A 2006 kaɗai an tabbatar da cutar a jikin yara sama da dubu ɗaya a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. An ga na ƙarshen masu ɗauke da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, aka yi murna. Amma jariran da ta shanye wa ƙafa a waɗancan shekaru su ne samari da 'yan matan da a 'yan shekarun nan ya kamata a ce suna fitowa daga aji shida. An kashe maƙudan kuɗi wajen korar cutar, waɗanda ta riga ta taɓa kuwa aka bar wa iyayensu.

Matsalar gurgu ta gini ce da hanya. In ya isa kujerarsa karatu ɗaya yake yi da kowa. Ta makaho tana farawa ne bayan ya zauna. Abin lura a nan shi ne al'ummarmu ba baƙuwar makaho mai ilimi ba ce. A makarantar allo da ta zaure, karatu da kunne ake ɗaukarsa a adana a ƙirji, shi ya sa ba ma mamaki in mun ga makaho ya haddace Alƙur'ani ko yana karantar da littattafai. Kowane yaro ya san Suratu Abasa da labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Boko ce aka gina a kan ido. Saurari malamin lissafi da idonka a rufe: "Ku ɗauko wannan ku kawo shi nan, sai ku raba da wannan, ya ba mu wannan. An gane?" Aji ya amsa an gane. Ɗalibar da ba ta ganin allo ba ta ji komai ba sai "wannan" sau uku.

Rubutun da Bafaranshen nan Louis Braille ya ƙirƙiro a ƙarni na 19 ɗigo shida ne ake sarrafawa su ba da siffa 63. Mafi yawan ɗalibanmu da ɗan allo mai ramuka da tsinke mai kama da basilla suke rubuta shi: a huda takarda ɗigo-ɗigo daga dama zuwa hagu, sannan a juya ta a shafa da yatsa daga hagu zuwa dama. Kafin ta gama layi biyu malami ya goge allo. Don haka ainihin karatunta da yamma yake farawa, lokacin da za ta sami ƙawar da za ta zauna ta karanta mata abin da ta kwafa, ita kuma tana hudawa. In ƙawar ta gaji, ko rubutunta ya ƙi karantuwa, ko sun yi faɗa irin na 'yan mata, darasin ranar ya tafi. Na'urar buga rubutun makafi mai maɓallai, irin ta Perkins, tana sauƙaƙa aikin, amma daga waje ake shigo da ita kuma da dala ake sayenta. Takardar ma mai kauri ce ta musamman, littafi ɗaya na masu ido in an juya shi sai ya zama kundi uku ko huɗu. Littattafan adabin Turanci da WAEC ke sanyawa kuwa duk shekara biyar ake sauya su, ta yadda wani lokaci kafin na makafi ya iso, rabin wa'adinsa ya wuce. Doka dai ta buɗe hanya: Najeriya ta amince a 2017 da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 mai sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta halatta a juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa ba tare da jiran izinin mai shi ba. Sai dai halatta abu daban, samun mai zama ya yi shi daban. Wayar zamani mai karanto rubutu da murya ta canza rayuwar makafi da yawa, amma makarantu da dama sun haramta waya baki ɗaya, kuma ba kowane shugaban makaranta ke tuna cewa ga wannan ɗaliba wayar ita ce littafinta ba.

Lissafi ne babban tarko. Yana da nasa tsarin alamomi a rubutun makafi, zane-zanensa sai an yi su da tudu yadda yatsa zai bi, kuma ana buƙatar malamin da ya iya lissafin ya kuma iya rubutun. Irin wannan malami ɗaiɗai ne. Abin da ya fi faruwa shi ne a ce wa makaho ya huta a lokacin lissafi, a ɗauka an tausaya masa. Sai ya gama aji shida ya tarar kwasa-kwasan gaba da sakandare da yawa suna neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. Tausayin aji ɗaya ya zama shingen aji shida.

A ganina, duk cikin waɗannan rukunai babu wanda aka fi yi wa rashin fahimta kamar kurma. Jikinsa lafiya lau, yana hawa bene da gudu, yana ganin allo sarai, rubutunsa ma sau da yawa ya fi na kowa kyau. Saboda haka ake ɗauka matsalarsa ƙarama ce, alhali tasa ce ta taɓa tushen karatu, wato harshe. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ba sa ji iyayensu masu ji ne. A yankinmu da yawa ba a haife su kurame ba, ciwo ne ya tafi da jin: ƙyanda, ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka yi sakaci da shi, da uwa uba sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya ta kashe sama da dubu 11, kuma cutar ba ta daina dawowa da bazara ba. Yaron da jinsa ya ɗauke kafin ya iya magana yakan shafe shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi kama harshe yana zaune a gidan da babu mai iya yi masa zance sai nuni: zo, tafi, ci, bari.

Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, cikakken harshe mai nahawunsa wanda suke koya a junansu a majalisu da kasuwanni. Wata masaniyar harshe 'yar Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano a shekarun 1990 ta yi nazarinsa. Amma ba shi ake koyarwa da shi a makaranta ba. Harshen hannu na makarantun Najeriya ya samo asali ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata da ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. To dubi kayan da aka ɗora wa yaro ɗaya. A gida ana Hausar da ba ya ji. A majalisa maganar hannu. A aji wani harshen hannun daban. A takardar jarrabawa kuma Turanci a rubuce, harshen da bai taɓa jin sautinsa ba, wanda tsarin jimlarsa bai yi daidai da na ko ɗaya daga cikin harsunan hannun biyu ba. Ɗan uwansa mai ji ma, wanda ke sauraron Turanci a rediyo da waya dare da rana, da ƙyar yake samun kiredit a cikinsa.

A sakandare abin yake tsananta, domin nan ne darussa ke rabuwa fanni-fanni. Malamin firamare da ya iya maganar hannu zai iya riƙe aji gaba ɗaya. A babbar sakandare kuwa kana buƙatar mai kimiyyar sinadarai da ya iya hannu, mai ilimin tattalin arziki da ya iya hannu, ko kuma tafinta da ya fahimci darasin da yake fassarawa. In babu, malami zai cika allo da rubutu, ɗalibai su kwafe tsaf, a duba littafi a ga komai ya cika, a sa hannu. Ranar jarrabawa a gane an shekara uku ana zana kalmomi. Kalmomin kimiyya da yawa ma ba su da alamar hannu da kowa ya yarda da ita, sai a riƙa jero baƙaƙensu da yatsu ɗaya bayan ɗaya, abin da bai fi a nuna maka sunan mutum ba tare da an nuna maka mutumin ba. Sannan manhajar Turanci tana da sashe sukutum na furuci: wace kalma ce wasalinta ya yi daidai da na wannan, a wace gaɓa ake danna murya. Ko da an ɗauke wa kurma wannan sashe ranar jarrabawa, sauran takardar, da insha'i da fahimtar nassi da taƙaitawa, tana nan tana jiransa.

Akwai kuma waɗanda ko sunansu ba ya shiga lissafin masu nakasa. Mai amosanin jini, wanda ake haifar kimanin dubu 150 irinsa a Najeriya kowace shekara, zai yi mako biyu a gadon asibiti ya dawo ya tarar an wuce babi uku an kuma yi gwajin da makinsa ke shiga sakamakon zango. Mai farfaɗiya ta faɗi sau ɗaya a filin taro, daga ranar babu mai zama kusa da ita saboda camfin cewa ana ɗauka ta yawu, wanda ba gaskiya ba ne. Zabiya idonsa ba ya kai wa allo, amma an jera aji da tsawo an kai shi baya. Sai wanda baƙaƙe ke rikice masa a ido duk da kaifin basirarsa, matsalar da likitoci suka daɗe da sani, mu kuwa sunan da muka ba shi daƙiƙi, maganinsa bulala. Waɗannan ba sa fita rana ɗaya. Fashi ne ke taruwa, maki ya yi ƙasa, a ce a maimaita aji, yaro ya ga ƙannensa sun kamo shi, kunya ta ƙarasa aikin.

Ga 'ya mace komai ninki biyu ne. Shekarun sakandare su ne na balaga, kuma banɗakin da namiji ke jurewa da ƙishirwa, yarinya mai al'ada ba ta da dabarar jure shi. Kwana huɗu ko biyar a kowane wata sun tafi. Sannan ga tsoron da iyaye ba sa faɗa a fili: yarinyar da ba ta gani, ko ba ta iya gudu, ko ba ta iya bayyana abin da aka yi mata, wa zai tsare ta a hanya ko a ɗakin kwana? Wannan tsoro yana da tushe, ba za a kira shi jahilci ba. Sau da yawa ƙarshensa a ce ta zauna a gida, in manemi ya fito a yi hamdala.

Ta fuskar doka, a takarda ba mu da talauci. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018. Dokar ta ce ilimi kyauta ne gare su har matakin sakandare, ta yanka tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci da naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga. An kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Wa'adin shekara biyar ɗin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya leƙa sakandaren da ta fi kusa da gidansa ya yanke hukunci da kansa.

Gizo yana saƙar ne a wurare biyu. Na farko, in ka cire kwalejojin tarayya ɗari da 'yan kai, makarantun sakandaren gwamnati na jihohi ne, su ke gina su, su ke ɗaukar malamai, don haka dokar Abuja ba ta sa siminti a ƙofar aji sai jiha ta yi tata dokar ta kuma sa kuɗi a kasafi. Na biyu, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, shekara tara ta rufe: firamare da ƙaramar sakandare. Daga aji uku zuwa aji huɗu ɗalibi yana fita daga wannan inuwa, daidai lokacin da karatu ya fi tsada da wuya. Kalmar "kyauta" ma tana da yaudara. Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abin da gidan mai nakasa ke biya. Akwai kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, wani lokaci na mutum biyu saboda ɗan rakiya, akwai tayar keke da ƙaya ke fasawa, batirin na'urar ƙara ji, takardar rubutun makafi, magani. Dokar ba ta ɗauke ko ɗaya daga cikinsu ba.

A nan ne lissafin gida ke shigowa, kuma bai kamata a yi saurin zagin iyaye ba. Mun gaji tsarin da ya ba nakasa gurbi a cikin gari, da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da unguwanninsu, ya kuma haɗa ta da sadaka. Uba talaka mai 'ya'ya takwas yana kallon ɗansa gurgu mai shekara goma sha biyar: in ya je makaranta kullum sai an kashe, in ya fita bakin titi ko ya zauna a rumfar gyaran takalmi zai shigo da wani abu da yamma. Yana kuma ganin masu digiri da ƙafafunsu biyu suna zaman kashe wando, balle wanda za a ce masa ofishin a hawa na uku yake. Kashi 5 ɗin nan da doka ta yi alkawari, da ana ganinsa a ƙasa, da ya fi kowace irin wa'azi tasiri a kan wannan uba. Kada a manta da ɗan jagora ma, yaron nan mai ido da ke riƙe da sandar mahaifinsa daga safe har magariba. Lafiyarsa ƙalau, amma nakasa ta raba shi da aji, kuma babu rajistar da ta san da shi.

To ina mafita, makarantu na musamman ko a haɗa kowa da kowa? Na musamman sun daɗe. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take, an kafa kwalejin horar da malaman ilimi na musamman ta tarayya a Oyo a 1977, akwai sassan wannan fanni a jami'o'in Jos da Bayero, akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da takwarorinta a Kaduna da Sakkwato. Su suka yaye mafi yawan makafi da kuramen da muke gani a ofisoshi da azuzuwa a yau. Amma ɗaya ce ko biyu a jiha, galibi a babban birni, kuma sai an yi kwana. Mutumin ƙauye mai nisan kilomita 150 zai yi tunani sau bakwai kafin ya miƙa 'yarsa. Tun sanarwar Salamanca ta 1994 duniya ta karkata ga haɗa yara a makaranta ɗaya, manufofinmu na ilimi ma haka suke cewa. Sai dai a jefa makaho cikin aji mai ɗalibi ɗari da malami ɗaya da babu wanda ya horar, a kira shi haɗaka, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ni dai ina ganin kuskuren shi ne neman amsa ɗaya ga mutanen da buƙatunsu ba su haɗu ba. Gurgu ba shi da abin yi a makaranta ta musamman. Makarantar unguwarsu ce tasa, a ba shi aji a ƙasa da banɗaki mai wurin zama. Makaho yana iya zama aji ɗaya da masu ido muddin ya ƙware a rubutunsa tun firamare, kuma makarantar tana da ɗaki guda da malami guda mai juya masa darasi da jarrabawa. Kurma kuwa ya fi samun karatu a inda kurame suke da yawa, domin harshe ba ya tsiro sai cikin jama'a; shi kaɗai a ajin masu ji kurkuku ne ko da an kira shi gata. Mai amosanin jini da mai farfaɗiya abin da suke nema sassauci ne a kan fashi da damar rama gwajin da ya wuce su. Wasu daga cikin waɗannan na buƙatar kasafi da shekaru na horar da malamai. Wasu kuma shawarar mutum ɗaya ce.

A makarantar nan da na ambata, bayan yaron ya gama, an kawo sabon shugaba, kuma a shekararsa ta farko wata yarinya mai sanduna biyu ta ci ajin kimiyya. Ya tara malamai ya tambaya me ya hana a sauko da ajin ƙasa a mayar da wani sama. Aka yi shiru, wani ya ce haka aka tarar. Washegari ɗalibai suka yi musayar ɗakuna, aka goge sunan ajin da ke jikin ƙofa aka rubuta sabo da alli, ko kwabo ba a kashe ba. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa, da teburansa na siminti da famfunansa, yana nan a sama, kuma WAEC tana da jarrabawar gwaji a kimiyyar sinadarai da ta halittu da fiziks. Ranar Talata da Alhamis ƙawayenta biyu suke kama ta, ta uku ta bi su da sandunan.